Hoto Na Fita, Murya Ba Ta Fita: Kafin Ka Canza Katin Hoton Kwamfutarka

Ana saura kwana huɗu a kama azumi wani dattijo mai sayar da goro a nan Agege ya aiko jikansa ya kira ni. Na tarar da shi a falo kan darduma, ga tsohuwar kwamfutar tebur an ajiye a ƙasa kusa da talabijin, malami yana ta motsa baki a allo amma ɗakin tsit. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, tafsiri nake so mu riƙa kallo da iyali a wannan babban allon. Ka ga hoto tar, amma murya babu. An ce mini katin da ke ciki ne ya tsufa, sai an sayi sabo." Na ce, "Baba, a ba ni minti goma in leƙa bayan talabijin ɗin kafin a taɓa aljihu."

Na kunna fitilar waya na zura kai tsakanin bango da talabijin. A ƙarƙashin kafar HDMI ta ɗaya akwai wani ɗan rami zagayayye da ƙura ta kusa toshewa, an rubuta DVI AUDIO IN a gefensa. Yaron ya ruga bakin titi ya sayo wayar sauti mai siririn kai gaba da baya. Muka soka kai ɗaya a koren ramin da ke bayan kwamfuta, ɗayan a wancan ramin na talabijin, sai muryar malam ta cika falon. Baba ya ɗaga hannu ya ce alhamdulillahi, katin kuwa har yau yana nan yana aiki.

Ba kullum ake dacewa haka ba, akwai lokacin da canza katin shi ne daidai, kuma zan zo kansa. Amma rashin murya shi kaɗai ba ya isa dalilin sayen kati. Abin da ya kamata ka gano tukuna shi ne inda muryar ta tsaya a hanya.

Me ya sa hoto ke wucewa murya ta maƙale

Kafofin da ke bayan katin hoto, wato na'urar cikin kwamfuta mai tura hoto zuwa allo, ba ɗaya suke ba. VGA, wato shuɗiyar nan mai ramuka 15, hoto kawai take ɗauka, ba a taɓa yin ta don sauti ba. DVI, fara mai faɗi da kusoshi biyu na murɗawa, ita ma a asalinta hoto ce kawai. HDMI da aka fitar a ƙarshen 2002 ita ce ta haɗa hoto da sauti a waya ɗaya, haka ma DisplayPort da ta biyo baya.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne DVI da HDMI yare ɗaya suke yi a wajen hoto. Shi ya sa ɗan ƙaramin adafta da ba ya buƙatar wuta yake iya haɗa su hoto ya fito sarai. Mai shi yana ganin kan HDMI ya shiga talabijin sai ya ɗauka murya ma ta bi. Ina! Adaftan siffar baki kawai ya canza. In katin bai zuba sauti a cikin wayar ba, babu abin da zai isa can.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa maka ranar da ka sayi kwamfutar. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, ka buɗe shafin Display, za ka ga sunan katin. Ko ka sauke 'yar manhajar GPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka sunansa da irin ƙwaƙwalwarsa. Rubuta sunan a takarda.

Daga nan ka juya kwamfutar ka dubi bayanta da kyau. Kafofin da ke kwance a ƙasa, a jikin siririn ƙarfe, su ne na katin. Waɗanda ke sama kusa da ramukan USB na madabod ne, wato babban allon da komai ke zaune a kansa. Ɗauki hoton duka biyun, sannan ka ɗauki hoton bayan talabijin da gefensa yadda rubutun zai karantu. Waɗannan hotuna uku za su hana ka zuwa kasuwa sau biyu, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar Ikeja ya san darajar wannan.

Mataki na kyauta: saiti

Idan katinka yana da kafar HDMI tasa ta kansa, mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Windows ce ke ci gaba da tura murya zuwa koren ramin baya, inda babu lasifika.

Kunna talabijin tukuna, ka sa shi a kan kafar da ka soka wayar, sannan ka kunna kwamfuta. Wannan jerin yana da amfani, domin a lokacin tashi ne talabijin ke gabatar da kansa ga katin, ya gaya masa girman hoton da yake ɗauka da cewa yana da lasifika. Danna Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl. Akwatin na'urorin sauti zai buɗe. Nemi sunan talabijin ɗinka, ko wani abu mai ɗauke da HDMI. In ba ka gani ba, danna ɓangaren dama na linzami a fili cikin akwatin, ka sa alama a kan Show Disabled Devices da Show Disconnected Devices. Idan ya bayyana, kunna shi ka danna Set Default. Sai ka rufe burauza ko VLC ka sake buɗewa, don wasu manhajoji ba sa sakin tsohuwar hanya sai an tashe su.

In sunan ya fito, koren ma'auni yana hawa yana sauka amma ba ka jin komai, shiga Properties, shafin Advanced, ka zaɓi 16 bit, 48000 Hz, ka kuma bar lasifika a kan biyu, hagu da dama. Tsofaffin talabijin da yawa ba sa gane abin da ya wuce haka. Duba rimot ma, a tabbata ba a kashe lasifikar talabijin ɗin daga cikin saitinsa ba. Gidan da aka taɓa haɗa rediyon falo, sau da yawa ana barin ta a kashe a manta.

In kuwa sunan bai fito ba sam, direban katin, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, shi ne abin zargi. Kwamfutocin tokumbo da aka ɗora wa Windows cikin gaggawa a shago sukan zo da direban wucin gadi, wanda ake kira Microsoft Basic Display Adapter. Yana nuna hoto, amma bai san da zaman sauti ba. Je shafin Nvidia ko AMD ko Intel ka sauke na katinka, kuma wajen ɗorawa ka tabbata ba a cire ɓangaren HD Audio ba.

Idan DVI kawai katin yake da shi

A nan ne sunan da ka rubuta zai yi aiki, don katunan shekarun 2007 zuwa 2010 kowane gida da irin dabararsa.

Katunan ATI Radeon jerin HD 2000 da HD 3000 da HD 4000 suna da na'urar sauti a cikinsu, kuma suna iya tura murya ta kafar DVI. Sharaɗin shi ne sai da adaftan ATI na asali wanda ke zuwa cikin kwalin katin, domin akwai abin da katin ke dubawa a cikinsa kafin ya saki sauti. Adaftan gama-gari zai ba ka hoto ya bar ka da shiru. Kwamfutar da ta tsallako teku a kwantena ba kasafai take isowa da wannan ɗan adaftan ba, amma in kana da haƙuri, masu tsofaffin kaya a kasuwar Computer Village ta Ikeja ko ta Alaba kan same shi cikin tarkacensu. Ka tafi da sunan katin, kada a ba ka kowanne a ce duk ɗaya ne.

Nvidia kuma wata hanya ta bi. Katuna da dama na jerin GeForce 8 da 9, da irin su GTX 260 da GTX 280, ba su da na'urar sauti. Abin da suke da shi wasu 'yan allurai biyu ne a gefen sama na katin, an rubuta SPDIF kusa da su. Ana ɗauko siririyar waya mai zare biyu daga alluran SPDIF OUT na madabod a soka a can, sai katin ya karɓi muryar ya cusa ta cikin hoton ya tura wa talabijin. In za ka yi wannan, kashe kwamfuta, zare wayar wuta, buɗe murfin gefe, ka nemi rubutun a ƙasan madabod, yawanci kusa da inda wayar sautin gaba take shiga. Zare ɗaya na sigina ne, ɗaya na ƙasa. In ka haɗa babu murya, kashe ka juya kan wayar. Sannan ka kula da wannan, don nan mutane ke sarewa bayan sun gama mai wuyar: a akwatin sauti na Windows ba sunan talabijin za ka zaɓa ba, Digital Output na madabod za ka mai da na farko, tunda daga can muryar ke tasowa. Sai dai kwamfutocin ofis na Dell da HP da suka cika kasuwarmu galibi ba su da waɗannan allurai a madabod. In ka duba babu, kada ka ɓata lokaci, wuce gaba.

Daga GeForce 210 da GT 220 da GT 240 na 2009, da jerin GTX 400 na 2010 zuwa sama, Nvidia ta sa na'urar sauti a cikin katin kansa. Akasarin waɗannan suna tura murya ta DVI da adafta na yau da kullum, muddin direba yana nan daidai.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai saboda ba ta cin ko sisi. Dubi hoton da ka ɗauka na kafofin madabod. In akwai HDMI ko DisplayPort a can, kuma furosesarka, wato CPU, zuciyar kwamfutar, Intel Core ce ta 2011 ko 2012 zuwa sama mai hoto a cikinta, to wataƙila tsohon katin ma nauyi ne kawai. Hoton da ke cikin irin wannan furosesa ya fi ƙananan katuna irin 8400 GS ƙarfi. Zare katin gaba ɗaya, ka soka waya a kafar madabod, ka ɗora direban Intel. In DisplayPort ce, sayi waya mai DisplayPort a kai ɗaya da HDMI a ɗayan. Hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta zuwa talabijin, kuma tana ɗaukar murya.

Raba hanya: hoto ta nan, murya ta can

Wannan ita ce hanyar da ta fisshe mu a gidan Baba. Talabijin da yawa, musamman na shekarun baya, suna da ramin shigar sauti da aka ɗaura wa kafar HDMI guda ɗaya tak, ko kuma kafar VGA. Za ka ga an rubuta PC AUDIO IN ko DVI AUDIO IN, wani lokaci rami ɗaya siriri, wani lokaci biyu, ja da fari. Dole wayar hoton ta shiga kafar da aka ɗaura wa ramin, wadda yawanci aka rubuta DVI a gefen lambarta. In ka sa a HDMI ta biyu alhali ta ɗaya ce mai ramin, za ka kwana kana neman laifin waya. Wasu talabijin kuma sai ka shiga saiti ka canza sunan kafar zuwa PC ko DVI PC kafin su saurari ramin.

Hattara da ramuka biyu masu yaudara. Wanda aka zana wa hoton abin sauraro na kunne fitar da sauti yake yi, ba karɓa ba. Haka ɗan murabba'in nan mai jan haske da aka rubuta OPTICAL, a jikin talabijin mafita ce. Ja da fari na AV kuma ba za su yi magana ba matuƙar allon yana kan HDMI.

Sababbin talabijin sirara da yawa sun daina zuwa da wannan rami. In naka haka yake, ka tambayi kanka ko dole ne ma muryar ta fito daga talabijin. Lasifikar cikin siririn talabijin ba wani abin kirki ba ce. In akwai rediyon falo ko lasifika mai wufa a gidan, sayi waya mai siririn kai a gefe ɗaya, ja da fari a ɗayan, ka haɗa koren ramin kwamfuta da AUX na rediyon. A gidajen kallo da shagunan ɗinki da na aski da nake shiga daga Agege har Idi-Araba, wannan shi nake fara ba da shawara, domin lasifikar talabijin ba za ta yi gogayya da ƙarar janareta da hon ɗin danfo ba.

Matsala biyu ke bin wannan hanya. Ta farko gurnani, wani "huuu" da ke zaune a ƙarƙashin murya, ya ƙaru in an koma janareta. Sababinsa kwamfuta da talabijin ko rediyo suna shan wuta daga soket daban-daban, wayar ƙasa ta gidan kuma ba ta da kyau ko babu ita sam, abin da ya zama ruwan dare a gidajen haya na Legas. Haɗa su duka a kan soket mai tsawo guda ɗaya. In bai daina ba, zare wayar eriya ko ta dikoda daga talabijin ka saurara. In gurnanin ya ɗauke ka gano ta inda yake shigowa. Akwai ɗan ƙaramin abu da ake sakawa a tsakiyar wayar sauti, sunansa a kasuwa ground loop isolator, yana yanke shi.

Ta biyu, murya ta riga baki. Talabijin yana ɗan jinkirta hoto yana gyara shi, ita kuwa murya ta bi gajeriyar hanya ta riga isa. Sa talabijin a Game Mode, jinkirin zai ragu sosai. A VLC kuma maɓallan J da K suna ja da murya gaba ko baya kaɗan-kaɗan har ta dace da leɓe.

Akwatin juyi, da inda ya kamata ka tsaya

Idan VGA ce kawai a kwamfutar, talabijin kuma HDMI kawai, sai ɗan akwatin juyi mai karɓar VGA da wayar sauti, ya sha wuta ta USB, ya fitar da HDMI. A nan kuɗin mutane ke yawan salwanta, saboda iri biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye. Wanda ya fi yawa a kasuwa HDMI zuwa VGA ne, na haɗa sabuwar laftof da tsohon allo. Kai akasinsa kake nema, VGA zuwa HDMI, kuma ba sa aiki a juye. Alamar naka ita ce jelar USB da jelar sauti suna fitowa daga ɓangaren VGA. Na taɓa karɓar na juye daga hannun wani mai tebur da ya rantse mini duk ɗaya ne, na dawo gida allo baƙi ƙirin, washegari na koma ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa. Tun daga ranar nake karanta kibiyar da ke jikin kwali da idona kafin in miƙa kuɗi.

Akwai kuma akwatin da ke karɓar DVI da sauti ya haɗe su zuwa HDMI. Yana aiki, hotonsa ma ya fi na VGA tsabta, amma ya fi tsada kuma yana buƙatar tasa wutar. A nan ni nake ja birki. Da zarar kuɗin akwati da wayoyinsa ya kai kusan rabin kuɗin ƙaramin kati mai HDMI, sayen katin ya fi. Kowane mahaɗi da ka ƙara wuri ne da danshin Legas zai shiga ya yi tsatsa, kuma ranar da murya ta ɗauke ba za ka san wanne za ka fara taɓawa ba cikin biyar.

Lokacin da katin ne da kansa ya gaji

Buɗe bidiyon YouTube a 1080p ka cika allo, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc ka dubi furosesa. In ta haye kusan 100 cikin 100, hoto yana tsalle, fanka tana kuka, to ko ka gyara murya ba ka gama ba. Tsofaffin katuna sun san tsarin bidiyo na H.264 ne kawai, wasu ma ba su sani ba, alhali YouTube ya fi amfani da VP9 da AV1 yanzu, fina-finai da yawa da ake turawa a filashi kuma HEVC ne. Abin da katin bai iya ba furosesa ke ɗauka, ita ma ga tsufa.

Sauran alamomin a fili suke: ɗige-ɗige ko layuka masu launi a allo, kwamfuta ta ɗauke in ta yi zafi, ko babu direban katin na Windows ɗin da kake kai. In kuma talabijin ɗinka 4K ne kana son cin moriyarsa, sai katin da ke da HDMI 2.0, don HDMI 1.4 ba ta wuce hoto 30 a daƙiƙa a wannan girman.

Ga kuma lissafin wuta, wanda duk mai sayen kati na mita ko mai zuba fetur a janareta ya san zafinsa. GeForce 9800 GT yana shan wat 105 in yana cikin aiki sosai, GTX 280 har wat 236. GT 1030 kuwa wat 30 ne, ya kuma fi 9800 GT ƙarfi. Ga mai inbata da batir, wannan bambancin awanni ne.

Zaɓen kati

Buɗe kwamfutar kafin ka fita. Dubi dogon ramin da katin ke zaune. PCI Express ake so, wanda ya maye gurbin AGP tun wajen 2004. In AGP ne, kada ka kashe wa wannan kwamfutar kuɗin kati, ka tsaya a kan wayar sauti. Sannan dubi faɗin akwatin. Sirarun kwamfutocin ofis gajeren kati suke ɗauka, mai gajeren ƙarfen baya, wanda 'yan kasuwa ke kira low profile. Ka tabbata gajeren ƙarfen yana cikin abin da aka ba ka.

Sai akwatin wuta. Karanta takardar da ke manne a jikinsa. Na sirarun kwamfutoci kan tsaya wajen wat 240, kuma ba su da ƙarin wayar kati mai allurai 6 ko 8. Ramin PCI Express da kansa iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne, don haka ka zaɓi katin da ba ya neman ƙarin waya.

In murya da kallon 1080p na H.264 kawai kake so, GT 710 ya isa, wat 19 ne, sai dai shi ma tsoho ne, bai san VP9 ba, Nvidia kuma ta daina yi masa sababbin direbobi. Ni in aljihu zai iya, GT 1030 nake nuna wa mutum: yana da HDMI 2.0, yana warware HEVC da VP9 da kansa. Amma iri biyu ne da suna ɗaya, mai ƙwaƙwalwar GDDR5 da mai ƙwaƙwalwar DDR4, na biyun kuma ya yi ƙasa da na farkon nesa ba kusa ba. Nemi mai GDDR5. Radeon RX 550 ma yana cikin wannan sahun. In yara za su buga wasan ƙwallo a kai, sai a hau zuwa GTX 1050 Ti na 2016 ko GTX 1650 na 2019, dukansu akwai nau'in da ba ya neman ƙarin waya, amma su sun fi son akwatin wuta mai wat 300.

Jabu suna nan da yawa, kuma dabararsu ɗaya ce: a ɗauki tsohon kati irin GTS 450 a canza masa suna daga ciki, Windows ta nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. In ka ga shuɗiyar kafar VGA a jikin abin da aka ce 1050 Ti ne, ajiye shi. Ka tafi da GPU-Z a filashi, sababbin fitowarta suna rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan. Daga Agege jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Ikeja, Computer Village kuma tafiyar ƙafa ce daga tashar, saboda haka in kwamfutar siririya ce ka saka ta a jaka ka tafi da ita. A ɗora katin a gabanka, a haɗa da allo mai lasifika ta HDMI, ka ji murya da kunnenka, a bar bidiyo yana gudu minti goma sha biyar ka ga ko fanka na juyawa. Gani ya kori ji. A rubuta maka lambar jikin katin da kwanakin garanti a rasit.

Ɗorawa

Tun tsohon katin yana ciki, cire direbansa daga Windows. Kashe kwamfuta, zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka. Kwance ƙusar da ke riƙe ƙarfen baya. A ƙarshen ramin akwai ɗan makulli na roba, danna shi kafin ka ja, in ba haka ba za ka iya tumɓuke ramin daga madabod. Hure ƙurar wurin, ka riƙe sabon katin ta gefuna, ka danna shi daidai har makullin ya yi ƙas, ka mai da ƙusar.

Wayar HDMI kuma ka riƙa soka ta alhali kwamfuta da talabijin duk suna kashe. A gidan da wayar ƙasa ba ta da kyau, wanda in ka taɓa bayan kwamfuta kana jin tana ɗan cizo, soka HDMI da wuta a jiki yana iya ƙona kafar talabijin ko ta katin, gyaran kuma ba araha ba. In akwai sitabilaiza ko UPS, a ɗora su biyun a kai, a kuma kashe su kafin a juya daga wutar NEPA zuwa janareta.

Kunna talabijin, kunna kwamfuta, ɗora sabon direba, ka sake tayar da ita, sannan ka koma mmsys.cpl ka mai da talabijin na farko kamar yadda muka yi a baya. In ka ga gefunan hoto sun shige cikin firam har layin ƙasa na Windows ya ɓace, daga talabijin ne: a saitin girman hoto zaɓi Just Scan in LG ne, ko Screen Fit in Samsung ne. Talabijin masu inci 32 da yawa ainihin girman hotonsu 1366 a 768 ne ko da suna karɓar 1080, don haka in rubutu ya yi dishi-dishi, sauko da shi zuwa wannan. Tsohon katin kuma, in lafiyarsa lau, nannaɗe shi a takarda ka sa a leda ka ɗaure bakin saboda danshi, ka ajiye tare da adaftansa. Duk ranar da allo ya ƙi kawo hoto, da shi za ka gwada ka san ko sabon katin ne ko madabod.